Mabuɗi a Hannun Mutum Ɗaya: Nazarin Laburaren Garin Ferguson

A farkon watan Yulin 2014 wani mutum mai suna Scott Bonner ya karɓi ragamar laburaren garin Ferguson, a jihar Missouri ta Amurka. Ba wani babban muƙami ba ne. A lokacin mutanen garin ba su wuce 21,000 da 'yan kai ba, kasafin kuɗin laburaren na shekara kusan dala 400,000 ne, kuma shi shugaban shi kaɗai ne ma'aikacin cikakken lokaci. Sauran duk masu zuwa ne su yi 'yan sa'o'i su tafi. A irin wannan wuri darakta shi ne mai sayo littafi, shi ne mai lissafi, in famfon bayi ya lalace ma shi za a nema.

Bai cika mako shida a kujerar ba, ranar Asabar 9 ga Agusta, wani ɗan sanda farar fata mai suna Darren Wilson ya harbe Michael Brown, saurayi baƙar fata ɗan shekara 18, a titin Canfield. An bar gawar a kan kwalta kusan awa huɗu, 'yan unguwa na tsaye suna kallo. Zanga-zanga ta ɓarke, washegari da dare aka ƙona gidan man QuikTrip da ke titin West Florissant. Abin da duniya ta riƙa gani a talabijin daga nan shi ne barkonon tsohuwa, motoci masu sulke, da 'yan sanda cikin shigar yaƙi. Ranar 16 ga wata gwamna Jay Nixon ya kafa dokar ta-ɓaci da dokar hana fita daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba, bayan kwana biyu kuma ya kira dakarun tsaron jiha. Masu shaguna suka toshe tagogi da katako. Makarantu suka ɗage ranar komawa daga hutu. Laburaren, wanda ke kan titin North Florissant, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga ofishin 'yan sandan da jama'a ke taruwa a gabansa, ya ci gaba da buɗe ƙofa da safe kamar yadda ya saba.

An sha ba da wannan labari a matsayin labarin jarumta, har da lambobin yabo. Jarumtar tana nan, ba a musu. Sai dai duk wanda ya taɓa riƙe wata ma'aikata, ko ƙarama ce, zai so ya ji wani abu dabam: da wane iko aka buɗe, da kuɗin wa, da hannun su wa aka yi aikin, kuma me ya rage bayan 'yan jarida sun naɗe wayoyinsu sun tafi.

Na wa ne laburaren?

Gundumar St. Louis a yanke take gunduwa-gunduwa. Ƙananan garuruwa kusan 90 ne a cikinta, kowanne da magajin garinsa, da yawa kuma da 'yan sandansu da kotunsu. Yawancin waɗannan garuruwa babban laburaren gunduma mai rassa ne ke yi musu hidima. Ferguson na cikin 'yan tsirarun da suka riƙe nasu na kansu. A tsarin Missouri, laburaren gari irin wannan yana da kwamitin amintattu da magajin gari ke naɗawa, amma kuɗinsa ba daga alfarmar majalisar gari yake fitowa ba. Wani kaso ne aka ware masa daga harajin gidaje da filaye, da sunansa ake karɓa, a asusunsa yake faɗawa. Tun wani gyaran tsarin mulkin jihar da aka yi a 1980, wanda ake kira gyaran Hancock, ba a ɗaga irin wannan haraji sama da ƙimar da aka amince sai an tambayi masu jefa ƙuri'a. A riƙe wannan a rai, don a kansa labarin zai ƙare.

Tsarin yana da cizo. Talaucin gari shi ne talaucin laburarensa, kuma darajar gidaje a arewacin gundumar ta sha kashi bayan rikicin bashin gidaje na 2008. Shi ya sa ma'aikacin dindindin ɗaya tak. Amma wannan tsarin ne kuma ya sa shawara take kusa. Safiyar da ake tunanin ko a buɗe ko a rufe, babu rubuta takarda zuwa hedikwata a jira amsa, babu wani babban sakatare da zai ce a dakata tukuna. Mabuɗin yana hannun mutumin da ke iya leƙa titi da idonsa, ya auna ko ma'aikata da masu zuwa za su iso lafiya, ya kira 'yan kwamitinsa a waya, ya yanke.

Ƙanƙantar ma ba ta bar shi shi kaɗai ba. Ferguson na cikin wata haɗaka ta laburarorin garuruwa tara na gundumar, irin su Kirkwood, Maplewood, University City da Webster Groves, masu kundin littattafai ɗaya. Mai katin Ferguson yana iya neman littafin da ke ajiye a Kirkwood, a kawo masa har garinsu. Shi kansa Bonner daga ɗaya daga cikinsu ya zo, wato laburaren Richmond Heights. Ko da abu ya ɓaci, ya san ƙofofin da zai ƙwanƙwasa.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: me ya sa mutanen da ke cikin fushi da hukuma suka yarda suka shiga ginin hukuma, har suka bar 'ya'yansu a ciki? Amsar ta fito fili a watan Maris na 2015, lokacin da ma'aikatar shari'a ta tarayya ta fitar da rahoton bincikenta kan 'yan sanda da kotun Ferguson. Rahoton ya nuna garin ya mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga. A 2010 tara da kuɗaɗen kotu sun kawo kimanin dala miliyan 1.38 cikin miliyan 11 na babban asusun gari. A kasafin 2015 an sa ran sama da miliyan 3 cikin miliyan 13, kusan kashi 23 cikin ɗari. Baƙaƙen fata su ne kashi 67 na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na direbobin da ake tsayarwa, kashi 93 na waɗanda ake kamawa. Ƙaramin laifin ajiye mota a inda bai dace ba kan haifi tara, tarar ta haifi wata, daga nan sai takardar kamu. A gari irin wannan talaka ya saba cewa duk ƙofar hukumar da ya shiga, aljihunsa ake kallo. Laburaren na cikin 'yan wuraren da zai shiga ya zauna, ya yi amfani da kwamfuta ya cike takardar neman aiki, ya sha sanyi, ya fita, ba wanda ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Wannan amana ba a watan Agusta aka gina ta ba. Bonner tarar da ita ya yi, waɗanda suka riga shi ne suka tara ta shekara da shekaru ba tare da wata jarida ta sani ba.

Makarantar mako ɗaya

A 2014 hukumar makarantun yankin Ferguson da Florissant tana da ɗalibai kusan 11,000. Ranar 14 ga Agusta aka tsara komawa, aka ɗage, aka sake ɗagewa, sai 25 ga wata aka buɗe. Duk wanda ya taɓa ganin an rufe makarantu saboda tsaro ko yajin aiki ya san ba karatu kaɗai ake rasawa ba. Uwa mai aikin da ake biya da awa, in ta zauna gida da yara, ranar ta tashi a tutar babu. Sama da rabin ɗaliban yankin kuma a makaranta suke samun abincin rana kyauta ko a farashi mai rangwame, don haka rufe aji rufe tukunya ne. Abin ya kai har wata malama daga can jihar North Carolina ta buɗe asusun tara kuɗi a intanet don ciyar da yaran Ferguson, aka tara sama da dala 100,000.

Tunanin buɗe aji a laburare ba daga laburaren ya fito ba. Wata malamar zane ce a firamaren Walnut Grove ta je ta tambaya ko za a ara mata ɗaki, ita da 'yan uwanta malamai su riƙa koyar da duk yaron da iyayensa suka kawo. Bonner ya ce to. Malamai suka tsaya bakin titi da kwalaye a hannu suna sanar da iyaye. Ranar farko yaran ba su da yawa. Kafin mako ya ƙare sun kai kusan 200, gini ya kasa ɗauka, aka kwashe manyan zuwa cocin First Baptist da ke kusa. Malaman da ke bakin aiki, da waɗanda suka yi ritaya, da 'yan Teach For America, ƙungiyar da ke tura matasa koyarwa a makarantun talakawa, da iyaye, duk suka shigo. Wasu suka kawo abinci. Aka raɗa wa abin suna makarantar zaman lafiya.

In aka tsaya aka duba abin da kowa ya kawo, sai a ga laburaren kansa bai koyar da ko darasi ɗaya ba, kuma ba shi da wanda zai koyar. Abin da ya bayar shi ne ɗaki, da kujeru, da wuta da intanet, da bayi mai aiki, da suna wanda iyaye suka yarda da shi. Ƙwarewar daga malamai ta zo, kuma su ne suka san yaran, suka san yadda ake raba su aji-aji, suka san wanda bai kamata a bari shi kaɗai da yara ba. Ƙarin wuri daga coci ya zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dole a sami wanda zai ce ga inda za a ɗora ta. Wannan shi ne aikin da laburaren ya yi, kuma kusan duk haɗin gwiwar da ya biyo baya a kan wannan ma'auni ya tafi.

Bonner ya sha faɗa a hirarrakinsa cewa ya shiga aikin da niyyar amsa buƙata da "to" gwargwadon iko, ya gwammace ya yi kuskuren yin abu da yawa a kan kuskuren ƙi. Maganar tana da daɗin ji, amma tana da tsada. Wanda ya ce "to" ga yara 200 a ginin da ba a yi shi don haka ba ya ɗauki alhakin duk abin da zai faru da su tun daga ƙofa. Da yaro ɗaya ya ɓata, ko wani baƙo ya saje cikin masu taimako ya yi ɓarna, da labarin da ake bayarwa yau wani ne dabam, kuma da shi kaɗai za a kama. Ma'aikatu da yawa suna rufewa a irin wannan lokaci ne don wannan lissafin, ba don mugunta ba. A ganina abin da ya sa "to" ɗinsa ba wauta ba ce shi ne ya san wa yake faɗa wa: malaman hukumar makarantu ne da iyaye suka riga suka damƙa wa 'ya'yansu.

Kada kuma a zuzuta. Yara 200 cikin 11,000 ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba. Sauran suna gida, ko gidan kaka, ko titi. Laburare bai maye gurbin makaranta ba, kuma ba zai iya ba. Abin da ya yi shi ne ya nuna wa gari cewa akwai wurin da al'amura ke tafiya daidai, a makon da kowane abu ya karkace. A ƙofa an manna wata 'yar takarda mai cewa a lokacin wahala laburare dausayi ne mai shiru, inda za a numfasa, a koyi wani abu, a yi tunanin mataki na gaba, tare da roƙon a taimaka a bar shi cikin natsuwa. Hoton wannan takarda ya zagaya Twitter.

Masu shago, masu zane, da jakar yara

Haɗin gwiwar da aka fi mantawa da shi shi ne na 'yan kasuwa. Shagunan da aka fasa ko aka ƙona yawancinsu na ƙananan masu sana'a ne, masu gyaran gashi, masu sayar da abinci, masu kayan waya, wasunsu baƙaƙen fata, wasu baƙi daga ƙasashen waje. Hukumar gwamnatin tarayya mai kula da ƙananan sana'o'i tana da rancen gaggawa, amma ba ta da ofis a Ferguson, kuma takardunta ba na wanda hankalinsa ke tashe ba ne. Laburaren ya ba jami'anta teburi, suka zauna suna taimaka wa masu shago cike takardu. Ofishin sakataren jihar Missouri shi ma ya zo ya taimaka kan ceto takardun kasuwanci da wuta ko ruwa suka taɓa. Wanda bai taɓa neman diyya daga kamfanin inshora ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Ba rasit, ba diyya.

A watan Oktoba wata haɗakar gidajen baje kolin zane na baƙaƙen fata ta shirya nunin ayyukan masu fasaha a wurare da dama na St. Louis, da taken da masu zanga-zanga ke rerawa, wato hannu sama, kar ka yi harbi. Laburaren ya ba da bangonsa. Akwai kuma zaman karatun littattafai kan launin fata, da haɗin gwiwa da StoryCorps, ƙungiyar da ke naɗar hirarrakin talakawa tana adanawa, don mutanen garin su ba da labarinsu da bakinsu.

Abin da ya fi kama da hannun Bonner kansa shi ne jakunkunan da aka haɗa wa yara. Kafin ya shiga aikin laburare ya yi aiki a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka ya san yaron da ya kwana yana jin harbi da jirgi mai saukar ungulu a kan rufinsu ba zai faɗi da baki abin da ke damunsa ba. Jakar goyo ce, a ciki akwai littattafai kan yadda ake fama da tsoro da firgici, da takardun aiki, da bayanin inda iyaye za su sami mai ba da shawara, da 'yar tsana mai laushi. Ana aron jakar kamar littafi, a dawo da ita, amma 'yar tsanar ta yaro ce har abada. Dabarar a nan ita ce ba a ƙirƙiro wani sabon tsari ba. Katin aro da teburin aro da kowa ya sani aka yi amfani da su, uwa ba ta buƙatar ta bayyana wa kowa cewa ɗanta yana fitsarin kwance tun da aka fara rikici.

Wannan ya kawo mu kan wata muhawara da ta daɗe a tsakanin ma'aikatan laburare a Amurka: shin laburare ɗan ba-ruwanmu ne? Bonner ya yi taka-tsantsan, bai fito ya ce ga mai gaskiya tsakanin 'yan sanda da masu zanga-zanga ba, ya dage cewa ƙofar ta kowa ce. Masu suka za su ce rataye zane mai wancan take ai ɗaukar ɓangare ne, musamman da yake wani rahoton ma'aikatar shari'a na Maris 2015 ya ce shaidun da aka tattara ba su tabbatar da cewa Brown ya ɗaga hannu yana miƙa wuya ba, ya kuma ƙi gurfanar da Wilson. Wasu kuma daga ɗaya gefen za su ce yin shiru a garin da aka bankaɗo irin wancan zalunci na tara shi ma ɓangare ne. Muhawarar ta yi zafi har babbar ƙungiyar laburarorin Amurka ta ware mata zama na musamman a taronta na farkon 2018. Ni dai abin da na gani a Ferguson shi ne gini ɗaya da safe ya karɓi wanda aka ƙona wa shago, da yamma ya karɓi mai zanen da ke goyon bayan zanga-zanga. Ko me za a kira wannan, ya fi ƙarfin zama ɗan kallo.

Nuwamba, da ruwan kuɗi

Daren Litinin 24 ga Nuwamba mai gabatar da ƙara na gunduma, Robert McCulloch, ya sanar cewa zauren mutum 12 da doka ta ɗora wa duba hujjoji ya yanke ba za a gurfanar da Wilson ba. A wannan dare an ƙona gine-gine sama da goma, ɓarnar ta fi ta Agusta. Washegari makarantu a rufe. Laburaren ya rubuta a Twitter cewa yana buɗe, malamai da masu taimako suna nan don yara.

A wannan karon duniya tana kallo, kuma mutane da yawa da ke nesa suna neman inda za su sa hannu. Marubuta da 'yan jarida masu ɗimbin mabiya, irin su Neil Gaiman da Rachel Maddow, suka yaɗa kiran a tallafa wa laburaren. A shafinsa akwai maɓallin PayPal. Cikin 'yan makonni dubban mutane, yawancinsu masu ba da ƙananan kuɗi, suka tara sama da dala 350,000, daga baya jimillar ta haura kasafin shekara guda. A lura da ɗan ƙaramin abin da ya sa haka ta yiwu: hanyar karɓar kuɗi tana nan a shirye a ranar da zukata suka motsa. Da sai an yi mako biyu ana zaman kwamiti kan buɗe asusu, da an tarar hankalin duniya ya koma wani wuri.

Littattafai ma suka yi ta zuwa, kuma a nan akwai darasin da ya shafi duk wanda ya taɓa ganin kwalayen tsofaffin littattafan Turai jibge a lungun wani laburare a ƙasashenmu, ƙura ta rufe su, ba a ko buɗe ba. Kyautar littafi aiki ce ake aiko wa mai karɓa. Kowane ɗaya sai an duba shi, an shigar da shi kundi, an manna masa lamba, an sama masa gurbi a kanta. Ga ma'aikata mai mutum ɗaya, kwali ɗari na iya zama masifa. Abin da ya rage nauyin shi ne wata ma'aikaciyar laburare daga jihar New Mexico ta tsara jerin littattafan da ake so a kantin Powell's, da yawansu na yara da matasa masu taurari baƙaƙen fata, mai son bayarwa ya zaɓa daga jerin ya biya. Sai kuma ma'aikatan wasu laburarori da suka zo suka taya aikin kundi.

A 2015 mujallar Library Journal tare da kamfanin Gale suka ba Ferguson kambun laburaren shekara, Bonner kuma ya karɓi lambar Lemony Snicket da ake ba ma'aikacin laburaren da ya jure wa wahala. A watan Afrilun wannan shekara, da Baltimore ta kama da wuta bayan mutuwar Freddie Gray a hannun 'yan sanda, shugabar laburarorin birnin, Carla Hayden, ta bar reshen titin Pennsylvania a buɗe, ga kantin magani na CVS da aka ƙona a tsallaken titi. A 2016 ta zama shugabar laburaren majalisar dokokin Amurka. Shi Bonner kuwa duk inda aka ba shi abin magana, abu ɗaya yake nanatawa: wannan shi ne abin da laburarori ke yi kullum, bambancin kawai an juyo da kyamara. Ana ɗaukar maganar a matsayin tawali'u. Ni ina jin har da ƙorafi a ciki, don laburaren da ke garin da ba a harbe kowa a gaban duniya ba yana yin aikin nan da ma'aikaci ɗaya, ba wanda zai aiko masa da sisi.

Sadaka ruwan sama ce, albashi rijiya yake so

Jarrabawa mafi wuya ta zo ne bayan an daina tafi. Kuɗin da ya faɗo sau ɗaya ya fi dacewa da abin da ake saya sau ɗaya, kuma an yi irin wannan: an canza tsohon kafet, an sabunta kwamfutoci, an gyara abin da ya daɗe yana jiran gyara. Amma babbar buƙatar laburaren mutum ce. Garin da ya cika da yara ba shi da ma'aikacin da aikinsa kawai shi ne yara. A 2015 aka ɗauki ma'aikaciyar cikakken lokaci mai kula da sashen yara da shirye-shirye, wato adadin ma'aikatan dindindin ya ninka, daga ɗaya zuwa biyu.

Duk mai lissafi zai ɗaga gira a nan. Albashi kowane wata yake dawowa, sadaka kuwa ba ta yi alkawarin dawowa ba. In aka ɗauki mutum da kuɗin da zai ƙare, ana sayen 'yan shekaru ne kawai, kuma ranar da asusun ya bushe za a sallami ma'aikaci, a kuma janye hidimar da mutane suka riga suka saba da ita, abin da ya fi rashin farawa ciwo. Hanya ɗaya mai aminci ita ce a ajiye kuɗin ana ɗiba kaɗan-kaɗan don littattafai da gyare-gyare, laburare ya ci gaba da zama yadda yake. Hanya ta biyu caca ce: a kashe kuɗin a nuna wa gari yadda laburare mai hannu biyu yake, da lokacin karatun yara, da shirin hutun bazara, da ziyarar makarantu, da ƙofar da ba ta rasa wani abu da ake yi a bayanta, sannan kafin kuɗin ya ƙare a koma wurin masu gari a tambaye su ko suna son abin ya ɗore.

Hanya ta biyu aka bi, kuma saboda gyaran Hancock babu wata ƙofar baya. Magajin gari ba zai iya sa hannu ya ƙara harajin ba, kwamitin amintattu ma haka. Dole sai akwatin zaɓe, a garin da mutane ke da cikakken dalilin ƙin duk wata hukuma da ta miƙo musu hannu tana neman kuɗi, kuma a lokacin da masu aiko da dala ashirin daga California da New York sun daɗe da mantawa da sunan titin Florissant. Waɗanda za su biya a wannan karon su ne masu gidajen Ferguson, har da waɗanda ba su taɓa aron littafi ba, da masu haya da za a ɗora wa ƙarin a kuɗin hayarsu.

A watan Afrilun 2018 aka sa tambayar ƙarin harajin laburare a takardar zaɓen garin, sama da shekara uku da rabi bayan makarantar mako ɗaya. Masu jefa ƙuri'a suka amince.